Faransa ko Indiya: wacce za ki ɗauka don nazarin doka a ƙasa mai addinai da yawa?

'Yar'uwa, kin ce kina haɗa kundin digirinki a kan yadda doka ke aiki inda addinai da al'adu suka cakuɗa, kin kuma rasa wacce za ki ɗauka tsakanin Faransa da Indiya. Ga yadda na ga abin.

Faransa doka ɗaya ta shimfiɗa wa kowa. Kundin dokokinta na zamantakewa ya fito tun 1804, dokar 1905 kuma ta raba gwamnati da coci. Auren da hukuma ta sani shi ne wanda aka ɗaura a ofishin magajin gari, na masallaci ko coci sai ya biyo baya. A 2004 aka hana ɗalibai sanya alamun addini da suka fito fili a makarantun gwamnati, har da hijabi.

Indiya kuwa ta bar kowace al'umma da dokarta a aure da saki da gado. Musulmi na ƙarƙashin dokar 1937 da ta ce a bi Shari'a, 'yan Hindu na da dokar aure ta 1955, wanda kuma ba ya son ko ɗaya ya bi dokar auren hukuma ta 1954. Nan ne nazari ke da daɗi. Dubi shari'ar Shah Bano: dattijuwa ce da mijinta ya saka, a 1985 Kotun Ƙoli ta ce ya ci gaba da ba ta kuɗin ciyarwa. Ƙura ta tashi, wasu malamai suka ce an shiga hurumin Shari'a, shekara na zagayowa majalisa ta yi dokar da ta rage ƙarfin hukuncin. Mace ɗaya, amma kotu da majalisa da malamai kowa ya ja nasa gefen.

Sai dai kada rabon nan ya ruɗe ki. A yankin Alsace-Moselle na Faransa dokar 1905 ba ta aiki, don lokacin yana hannun Jamus, har yau gwamnati ke biyan limaman coci da na Yahudawa albashi a can. Jihar Goa ta Indiya kuma kundi ɗaya take bi, wanda ta gada daga Fotugal, maimakon kowace al'umma da dokarta.

Ni dai Indiya zan ɗauka. Hukunce-hukuncen Kotun Ƙolinta da Ingilishi suke, rigingimun kuma a gaban alƙali ake baje su. Na Faransa sai kin iya Faransanci sosai.