Jakar ƙanƙara ta kifin tuna: shekara biyu ina aiki da ita a ƙaramin jirgi

Jirginmu ni da yayana tsawonsa mita shida ne da ɗan ɗori, da injin baya guda ɗaya. Idan ka cire wurin tuƙi, jarkokin mai, akwatin kayan fatsa da rigunan ceto, filin da ya rage bai wuce na shimfiɗa tabarma ɗaya ba. A nan mutum biyu za su tsaya su yi kokawa da kifin da ke kai kilo 30 ko 40, kuma a nan kifin zai kwanta har mu koma gaɓa. Mukan yi nisan mil 25 zuwa 30 na teku, wato kilomita 46 zuwa 56, don haka komawar kaɗai tana cin awa biyu, ranar da iska ta taso kuwa har uku.

A shekararmu ta farko kula mai tauri muke ɗauka, irin babbar nan da ake zama a kanta. Wata rana Allah Ya ba mu tuna mai rawayen fiffike, kilo 28, tsawonsa ya haura mita ɗaya. Kular ta ƙi ɗaukarsa ko ta wane gefe. Muka jiƙa buhu muka lulluɓe shi, muka zuba ƙanƙara a kai, muka ci gaba da jan fatsa na kusan awa huɗu, rana na dukan buhun. Da muka yanka shi da daddare sai ga naman ya koɗe, ya yi ruwa-ruwa, ba jan nan mai sheƙi da aka san tuna da shi ba. Mutum uku da suka ci sun ji ƙaiƙayi a baki, fuska ta yi ja, kai ya ɗau ciwo. Washegari sun warware, amma abin ya tsaya mini a rai. Ka yi minti arba'in kana fama da halitta mai irin wannan ƙarfi, ka raba ta da ranta, sannan ka bar ta ta lalace a gabanka saboda rashin wurin ajiya. Daga ranar na fara neman wannan jaka.

Tuna ba kamar yawancin kifaye ba ne wajen zafin jiki. Jijiyoyin jininsa a saƙe suke ta yadda jinin da ya ɗumama a cikin tsoka yake miƙa ɗuminsa ga jinin sanyi mai shigowa, sai zafin ya zauna a ciki. Francis Carey da John Teal na cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka sun auna wannan tun a shekarun 1960, suka nuna cewa tuna mai shuɗin fiffike na iya riƙe zafin da ya ɗara na ruwan da yake ciki da digiri 10 ko fiye a ma'aunin Celsius. Mai rawayen fiffike bai kai haka ba, amma idan ya yi doguwar kokawa da zare tsokarsa na ƙara zafi da tsami. Japanawa na kiran naman da ya koɗe ta wannan hanya yake, wato ƙonanne. Ƙaiƙayin baki kuwa daga wani sinadari ne mai suna histamin, wanda ƙwayoyin cuta ke samarwa a naman kifi irin su tuna idan ya daɗe cikin ɗumi. Da zarar ya samu, dafuwa ba ta kashe shi, daskarewa ma ba ta cire shi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce a sauko da irin wannan kifi zuwa digiri 4.4 ko ƙasa, kuma a yanayi mai zafi a sa shi cikin ƙanƙara da wuri-wuri, kada a wuce awa shida da mutuwarsa. Ni dai yanzu ba na barin kwata ɗin awa ta wuce.

Kamfanoni da yawa na ɗinka irin wannan jaka, kuma abin da ya raba mai kyau da marar kyau yana jikinta, ba a tambarinta ba. Tawa fara ce, tsawonta santimita 150, tsayinta 60, gindinta a shimfiɗe yake da faɗin kamu ɗaya da rabi, saboda haka tana tsayuwa da kanta ba sai an jingina ta ba. Bayanta roba ce mai kauri kamar tamfol ɗin babbar mota. Tsakanin ciki da waje akwai soso mai kaurin babban yatsa, irin wanda ba ya shan ruwa. Haɗin cikinta narka shi aka yi da zafi aka liƙe, babu ramin allura ko ɗaya, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa na zaɓe ta. Na ga wata mai ɗinkin zare a jirgin wasu maƙwabtanmu, ruwan jini na bin ɗinkin yana shiga cikin soson, bayan wata biyu kuwa ba ka iya tsayawa kusa da ita. Tana da zik ɗaya dogo daga kai zuwa kai, da hannuwa huɗu, da ɗan bututun zubar da ruwa a kusurwar ƙasa. Idan babu komai a ciki nakan naɗe ta gida biyu in tura ƙarƙashin kujerar gaba.

Ga yadda muke yi da ita. Tun asuba muke zuba buhun ƙanƙara huɗu mai kilo goma-goma, mu ja zik, mu ɗaure ta a tsakiyar jirgi. Idan kwarkwaron naɗe zaren fatsa ya yi ƙara, kifi ya zo gefen jirgi yana zagaye, yayana ya kafa masa babbar ƙugiya a kusa da kai ya ɗago shi, sai in shimfiɗa jiƙaƙƙen soso a ƙasa domin kada ya buge jikinsa. Ina rufe masa ido da tsumma, yana ɗan lafawa. Sai in soka tsinken ƙarfe a lallausan wurin da ke tsakanin idanunsa, jikinsa ya yi rawa sau ɗaya ya saki. Wannan dabarar Japanawa ce da ake kira ikejime. Daga nan in ɗan tsaga bayan fiffiken gefe, hagu da dama, inda manyan jijiyoyi suka bi ƙarƙashin fata, mu bar jini ya tsiyaye muna kwara ruwan teku. A cire kayan ciki, a cusa ƙanƙara a cikin har ya cika, sannan ya shiga jaka. Yayana kan ce, “Ɗebo bokiti ɗaya, kada ka ƙara.” Ruwan teku kashi ɗaya, ƙanƙara kashi biyu, shi ne ma'auninmu. Gishirin ruwan yana sa haɗin ya sauka ƙasa da sifiri kaɗan, kuma ruwa na taɓa kowane lungu na kifin, saɓanin ƙanƙara zalla da ke barin iska a tsakani.

Na taɓa zama na yi lissafin ƙanƙarar, saboda mutane da yawa na raina adadin da ake buƙata. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana shanye zafi kilojul 334 (kilojul awo ne na yawan zafi) kafin ya narke. Kifi mai kilo 30 da zai sauko daga digiri 28 zuwa kusan sifiri zai narkar da kilo 9 shi kaɗai, tun ba a yi maganar ruwan tekun da ka zuba mai ɗumi ba, da rana, da buɗe zik. Shi ya sa kilo 40 bai yi mana yawa ba idan muna sa ran kifi biyu. A ranar da na gwada da ma'aunin zafi mai tsinke, na sa kifi mai kilo 22 da ƙarfe tara da rabi na safe, da muka iso gaɓa ƙarfe huɗu na yamma tsakiyar namansa na nuna digiri 3, kuma har lokacin akwai ƙanƙara tana yawo a jakar. Da na yanka shi naman ja ne wur, a tsaye, wuƙa na wucewa ba ya manne mata. Na daɗe ina kallonsa kafin in ci gaba da yanka.

Tana da nata aibin. Zik ɗin shi ne ya fi ba ni wahala. Gishiri na bushewa a haƙoransa, kuma a wata na uku ya cije mini daidai lokacin da kifi ke kwance a ƙasa yana jira, sai da na kwara masa ruwan sha na yi ta jijjiga kafin ya motsa. Yanzu duk dawowa ina wanke shi da ruwan famfo da tsohon buroshin haƙori, in goga masa kakin kyandir. Murfin bututun zubar da ruwa ba a ɗaure shi da komai ba, ɗan abu ne kamar murfin kwalba, kuma na farko ya faɗa teku a fita ta biyar. Na sami wani na huda shi na ɗaure da zaren fatsa, aikin da ya kamata masu yin jakar su yi tun farko. Robar cikin ba ta jure kaifi: wutsiyar tuna tana da tauri, haƙoran wasu kifayen ma haka, saboda haka ina naɗe wutsiya da tsumma, kuma ba na kusantar jakar da ƙugiya a hannu. Ba ta riƙe sanyi kamar kula mai tauri. Ta wuni ɗaya ce, idan ka bar ƙanƙara a ciki ta kwana, da safe rabi ya zama ruwa. Ranar da rana ta ƙwalle sosai mukan rufa mata jiƙaƙƙen tawul.

Abin da na fi so masu ƙananan jirage su ji shi ne maganar nauyi. Ƙanƙara kilo 40, ruwa lita 15 ko 20, kifi biyu, ka ga an haura kilo 100 a cikin abu mai laushi da ba ya zama wuri ɗaya. Wata rana muna dawowa igiyar ruwa ta bugo mu ta gefe, jakar da na ɗaure da igiya ɗaya ta sulale zuwa hagu, ruwan cikinta ya bi ta gaba ɗaya, jirgin ya karkata har ruwa ya kusa shafar baki. Yayana ya rage wuta nan take, ya ce, “Ƙane, ka zubar da rabin ruwan nan, ka ɗaure ta gaba da baya.” Tun daga ranar igiya biyu nake sa mata, a tsakiyar jirgi, tsawonta na bin tsawon jirgin, kuma kafin mu kama hanyar gida ina buɗe bututu in rage ruwan in bar ƙanƙara. Hannuwanta huɗu ma ba su isa ɗaga ta a cike ba, ɗinkinsu zai iya tsinkewa. Kifin muke fara fitarwa, sannan jakar.

Wanda jirginsa ke da ramin ajiye kifi mai rufi a ƙarƙashin daɓe ba ya buƙatarta, haka ma wanda ƙananan tuna masu kilo uku ko huɗu yake kamawa, kula ta ishe shi. Amma mai jirgi irin namu da ke fita nesa neman manya, ina ba shi shawara ya saye ta tun kafin ya ƙara sandar fatsa ko sabon kwarkwaro. Idan ya je saye ya juya cikinta ya duba haɗin, ya matsa soson ya ji kaurinsa, ya ja zik ɗin sau da yawa, kuma ya auna filin jirginsa da awo kafin ya zaɓi tsawo, domin mai santimita 180 da na so ɗauka da farko da ta tare mana hanyar zuwa wurin inji. Tawa ta shiga shekara ta uku da faci ɗaya a kusurwar da wutsiya ke kwanciya, wanda na liƙa da gam ɗin gyaran jirgin roba, kuma har yanzu bai ɗiga ba.