Kayan sautin falon Auta: abin da na gani a Manchesta

Assalamu alaikum Auta. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da duk mutanen gida. Ya hidimar biki? Allah ya nuna mana ranar lafiya, ya sanya albarka a ciki.

Na ga hoton hom tiyatar da ka turo min, wadda ka gani a Sabon Gari, mai dogayen sifiku huɗu da fitilu shuɗi da ja, an rubuta 5000W a jikin kwalinta. Ka tambaya ko ka biya, ko kuwa in sayo maka a nan in turo. Ban amsa maka a lokacin ba saboda ina so in je in gani da idona in ji da kunnena tukuna. Ranar Asabar da ta wuce na je, ga kuma abin da na samo.

Shagon da na shiga sunansa Richer Sounds. Kayan sauti da talabijin suke sayarwa, a 1978 suka fara a Landan. Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wani ƙaramin ɗaki da suka keɓe a ciki, da kafet da kujera kamar falon gida, a rufe ƙofa ka zauna ka saurari abin da kake son saya. Na ce wa yaron shagon ina so in ji da abin da na saba ji, ya ce ba damuwa. Na haɗa wayata, na saka karatun Alƙur'ani, na saka wani tafsiri na watan azumi, sannan wani yanki na fim ɗin Hausa inda mutum biyu ke magana a tsakar gida. Ya riƙa cire wannan sifika yana saka waccan, abu ɗaya muke maimaitawa. Na fi minti arba'in a ciki, ban sayi komai ba, kuma bai ɓata rai ba. Ka tuna yadda ake gwada mana a kasuwa: a ƙure ƙara, a saka kiɗa mai ganga, ga janareto na maƙwabcin shago, ga hon ɗin 'yan adaidaita, kai kuma kana tsaye. A wannan yanayi duk wadda ta fi ihu ita za ka ɗauka ta fi kyau.

Ciniki kuwa babu shi a nan. Kuɗin da aka rubuta shi ne, da harajin kashi 20 cikin ɗari a ciki. Ba wanda zai ce maka albarka, ba wanda zai ce ya sallama. A wannan ɓangaren na yi kewar gida.

Turawan nan suna alfahari da kamfanoninsu na sifika. Wharfedale tun 1932 aka kafa shi a yankin Yokshaya, KEF kuma 1961 a Kent. Amma da na juya bayan masu sauƙin kuɗin, China na gani a rubuce, kamar dai namu na Sabon Gari. Don haka kada wani ya ruɗe ka da cewa kayan China ne ko ba na China ba. Bambancin da na gani yana cikin lambobin da ake rubutawa: a nan abin da aka rubuta a takarda ana iya auna shi a same shi haka.

Wannan 5000W na kwalinka, duba kusa da shi, na tabbata za ka ga haruffa PMPO. Lamba ce ta talla, ba ta da ma'auni ɗaya da kowa ya yarda da shi. Wadda ake dubawa ita ce RMS, wato ƙarfin da na'urar za ta iya bayarwa ta ɗore a kai. Ga hanya mai sauƙi da za ka gane: juya bayan na'urar, wajen da wayar wuta ta shiga, akwai 'yar takarda da ta faɗi wutar da take ci. In tana cin wat 80 daga bango, ta ina za ta samo 5000 ta ba ka? Tulu ba ya zubar da ruwan da ya fi wanda aka zuba masa. Ka tuna wadda na saya shekarun baya kafin in taho, wadda ƙananan sifikunta suka fara ƙara kamar ana yaga takarda kafin Babbar Sallah ta zagayo. Sai yanzu na fahimci dalili. Amfilifayarta, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura wa sifiku, ƙarama ce, ni kuma ina ƙure ta, sautin da take fitarwa ya riƙa karyewa, wannan karyayyen sautin shi ke ƙona tuwita, ƙaramin bakin nan da ke fitar da siririyar murya. Ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa ta fi babba saurin kashe sifika.

Kuma ba ka buƙatar wat mai yawa yadda muke zato. In ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara (desibel ma'aunin ƙara ne, ana rubuta shi dB), kunne zai ji an ɗan ƙara ne kawai. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara wat kusan sau goma. Shi ya sa akwai wata lamba da ta fi wat amfani, wadda ke nuna yawan ƙarar da sifika ke fitarwa daga wutar da aka ba ta, za ka ga an rubuta 86dB ko 88dB ko 90dB. Sifika mai 90 tana ba da ƙarar da mai 87 za ta bayar da rabin wutar da waccan za ta ci. Ga mai zama a Kano, da dare da yawa a kan inbata ko ƙaramin janareto zai kalli ƙwallo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai lamba ta uku, om: 4 ko 6 ko 8. Mai om 4 ta fi jan wuta daga amfilifaya, ta fi sa ta zafi. Ga zafin Kano na watan Afrilu da ke haura 40, ka tsaya a kan 6 ko 8, kuma ka duba bayan amfilifayar ka ga ta yarda da lambar.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Tsarin da ake kira 5.1 sifiku biyar ne da wufa ɗaya: hagu, dama, tsakiya, biyu a gefen mai zama ta baya kaɗan, sai wufar da ke ɗauke da gurnani. A cikinsu duka, ta tsakiya ce ke ɗauke da maganar mutane a fim. A saitin da ka turo min ita ce mafi ƙanƙanta, kamar gwangwanin madara, dogayen na gefe kuma rabin jikinsu fanko ne don ado. Shi ya sa a gidaje da yawa za ka ga ana kallo, in an yi harbi ko mota ta fashe sai a zabura a rage, in an dawo magana sai a ƙara, rimot ba ya barin hannu. Ka yi tunanin ranar da Hajiya za ta zo gidanka ta zauna sauraron tafsiri. Muryar malam take so ta fito tas, ta ji kowane harafi, ba gurnanin da zai girgiza mata ƙirji ba.

Sannan ukun nan na gaba, hagu da tsakiya da dama, su zama 'yan gida ɗaya, kamfani ɗaya, jeri ɗaya. Yaron shagon ya gwada min wannan da gangan, ya saka ta tsakiya daga wani kamfani daban. Mutum yana magana yana tafiya daga wannan gefen allon zuwa wancan, muryarsa ta canza a tsakiya kamar wani ne ya karɓe maganar, sannan ta dawo. Kamar ankon da aka yanko daga bandir biyu ne, launi ɗaya ake kira, amma in aka jeru a hoto kowa zai gane. Na bayan ba su kai haka tsanani ba, ko ƙanana ne sun wadatar, aikinsu ruwan sama da hayaniyar 'yan kallo a filin wasa.

Gaskiya ma, ba dole ne ka fara da na bayan ba. Yawancin abin da ake kallo a gidajenmu, fina-finan Hausa na YouTube da wa'azi da labarai, a sauti biyu aka haɗa su, hagu da dama kawai. Ka sayi biyu masu kyau da ta tsakiya da amfilifaya mai gurbin ƙari, Denon ko Yamaha ko Onkyo, in hali ya samu bayan biki ka ƙara wufa, daga baya na baya. Dolby Atmos da ake saka sifiku a silin, wanda ya fito 2012, na ji shi a ɗakin nasu, yana da daɗi, amma ka manta da shi a yanzu.

Ɗakin da za a saka kayan yana da nasa hannu a cikin sautin, kuma a nan gidajenmu sun bambanta da nasu sosai. Gidajen Ingila ƙanana ne, kafet daga bango zuwa bango, labule mai kauri saboda sanyi, duk suna shanye amsa-kuwwa. Falonka kuwa tayil ne a ƙasa, siminti a bango, silin na POP a sama. Ka tsaya a tsakiyarsa ka tafa hannu sau ɗaya ka ji yadda ƙarar ke yawo. Ko sifikar miliyan ka saka a haka, magana za ta cakuɗe. Sa'arka ɗaya, kayan ɗakin amarya za su yi maka rabin aikin: kujeru, labulaye, da babban kafet tsakanin talabijin da wurin zama. Don haka kada ka yanke hukunci kan sauti sai an gama jere. Hagu da dama su yi nisa ɗaya da kujerar da ka fi zama, tuwita daidai kunnen mutum a zaune, kada a rataye su can kusa da silin kamar lasifikar masallaci. Ta tsakiya a ƙasan talabijin, a bakin teburin, ba a cusa ta cikin durowa ba. Wajen haɗa waya, ja da ja, baƙi da baƙi. In aka juya ɗaya, sautin zai rame ka rasa dalili. Wayar kuma ta jan ƙarfe zalla, ka kankare bakinta ka gani, don akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama.

In wufa ta zo, ka sa amfilifaya ta miƙa mata duk sauti mai kauri da ke ƙasa da 80Hz, sauran sifikun su huta. Wajen neman inda za ta zauna, ɗora ta a kan kujerarka, ka kunna, ka zagaya gefen bango a durƙushe kana saurare. Inda gurnanin ya fi fita sumul, nan ne wurinta. Ni a nan ba ni da wufa ma. Bangona ɗaya da wata dattijuwa, kuma daga ƙarfe 11 na dare zuwa 7 na safe maƙwabci na iya kai ƙarar hayaniya ga hukumar gari. Kai ba mai kai ka ƙara, amma haƙƙin maƙwabtaka ka san shi tun a islamiyya, kuma gurnanin wufa ya fi kowane sauti ratsa katanga.

Batun wuta, Ingila da Najeriya ɗaya suke, 230, da filogi mai ƙafa uku, abin da aka saya a nan zai yi aiki a Kano kai tsaye. Na Amurka 120 ne, in wani ya kawo maka daga can kada ka soka shi a bango sai da taransifoma. Abin da ba ɗaya ba shi ne zaman wutar. Tun da na zo ban taɓa ganin sitabilaiza a gidan kowa ba. Kai kuwa ka saka kuɗinta a cikin lissafi tun farko, kuma in an ɗauke wuta ka kashe soket kafin a dawo da ita. Ka bar wa amfilifaya sarari a samanta ta sha iska, kada amarya ta shimfiɗa mata ƙyallen ado tana aiki. In an kashe, musamman da hunturu, a rufe ta saboda ƙura.

A nan doka ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kayan da ya samu da matsala a ba shi kuɗinsa, in ta intanet ya saya kuma yana da kwana 14 ya fasa ko da kayan lafiyarsu ƙalau. Wannan ya fi namu na "in ka fita da shi shi ke nan". Amma akwai inda muka fi su nesa ba kusa ba, wato gyara. In garanti ya ƙare a nan, kuɗin mai gyara kan kai kuɗin sabuwa, sai ka ga amfilifaya mai kyau a wurin zubar da kayan lantarki saboda abu ɗaya ya ƙone a ciki. A Kano mai gyaran rediyo zai buɗe ta, ya canza abin da ya ƙone, ya naɗa wa sifika sabon koyil, ka ɗauki abinka da yamma. Na ƙara ganin girman waɗannan mutane da na zo nan.

Garantin nan kuma ba zai bi kaya zuwa Kano ba, sifiku ga nauyi, jaka ɗaya a jirgi kilo 23 ce. Don haka ga shawarata. Kada ka biya waccan. Amfilifaya da sifiku ukun gaba ni zan nema a nan, ko na hannu ne masu lafiya, don mutanen nan suna yawan canza kaya tun ba su tsufa ba, in turo ta kago su riga biki isowa. Sitabilaiza da waya da teburi ka saya a gida. In kuma ka ga lokaci zai ƙure har sai an saya a Kano, ka je da safe kafin kasuwa ta cika, ka tafi da wayarka da karatun da kunnenka ya saba da shi, ka ce a rage ƙara zuwa yadda za ka ji a falo, ka saurari muryar mutum kawai. Ka ɗaga sifikar ka ji nauyinta, ka ƙwanƙwasa jikinta, in ta yi ƙarar fanko ka ajiye.

Ka auno min tsawo da faɗin falon da tef, ka ɗauko hoton bangon da talabijin zai zauna da inda tagogi suke, ka turo min kafin Juma'a don Asabar zan koma shagon. Ka gaida Hajiya, ka ce mata maganin ƙafarta yana cikin kayan da za su taho. A gaida su Yaya Babba da yara, da amarya in kun yi waya.