Wace manhaja ce ta fi dacewa da ɗora rubutu a kan bidiyo?

Mai tace bidiyon biki ko na wa'azi a Bauchi, kafin ya biya kuɗin kowace manhaja, ya fara gwada ta da jimla ɗaya: "Ɗan ƙaramin ɓera ya shiga Ƙofar Ran." Ya fitar da bidiyon daƙiƙa goma, ya tura wa kansa ta WhatsApp, ya kalla a ƙaramar waya. Abin da ya gani a nan shi ne gaskiyar manhajar, ba abin da ke cikin tallarta ba.

Matsala ta farko haruffa masu ƙugiya ce. Yawancin salon rubutu (font) na ado ba su da ɓ, ɗ, ƙ. Idan babu harafin, ko dai a ga akwati fanko a gurbinsa, ko manhaja ta aro shi daga wani salon, sai ƙ ta fito siririya a tsakiyar kalma mai kauri, kamar haƙorin Makka a bakin yaro. Wani salon ma yana da ƙananan amma babu manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ. Noto Sans, Andika da Charis SIL duk suna da su, kuma kyauta ne. Don haka tambayar da ta fi farashi muhimmanci ita ce: manhajar tana barin ka shigo da naka salon?

A waya, CapCut ce ta fi sauri wajen rubutu mai motsi, kuma tana karɓar salo daga waje, sai dai kayan ado da yawa an kulle su sai mai biya. KineMaster ta fi ba da ikon jera rubutu hawa-hawa, amma ta kyauta tana manna tambarinta a kusurwa. InShot ta isa ga mai tallan atamfa a Kasuwar Wunti da ke son farashi da sunan shago kawai. Tafsirin awa ɗaya kuwa ba aikin waya ba ne: za ta yi zafi, wuri ya cike, yatsa ya gaji da daidaita kowane layi.

A kwamfuta zaɓin ya fi nauyi. DaVinci Resolve ta kyauta tana fitar da bidiyo har 3840×2160 ba tambari, kuma rubutunta yana fita tsaf, amma tana son RAM, wato ma'ajiyar aiki ta na'ura, gigabait 16 da katin hoto mai ƙarfi. Tsohuwar laftof ta gwanjo za ta yi ta sanƙarewa. Premiere Pro haya ce ta wata-wata, kuɗin ba ya ƙarewa, ta dace da wanda aikin ke shigo masa kullum. Shotcut da Kdenlive kyauta ne, ba su da cin ƙarfin na'ura sosai. Ga mai laftof matsakaiciya, Kdenlive haɗe da Subtitle Edit, manhajar shirya rubutun ƙasan bidiyo, ta wadatar. Kowacce aka ɗauka, a kunna ajiyar atomatik duk minti biyar, don wuta ba ta sallama kafin ta tafi.

Ajami da Larabci nasu daban ne. Manhajar da ba ta iya rubutun dama zuwa hagu ba za ta rarraba haruffa ta juya su baibai, kuma wannan a kan aya ba ƙaramin kuskure ba ne. A gwada da salon Alkalami, wanda aka zana kan rubutun Kano, ko Harmattan. Idan ta gaza, a shirya rubutun a wani wuri, a adana shi a hoton PNG marar bango, a ɗora shi kan bidiyon.

Sai a yanke shawara: a gasa rubutun cikin hoto, wato a manne shi ya zama jikin bidiyon, ko a bar shi a SRT, fayil na daban mai ɗauke da rubutun da lokacin fitowarsa? Gasasshe yana bin bidiyo ko'ina, har WhatsApp, amma kuskuren harafi ɗaya a sunan amarya yana nufin sake fitar da aikin gaba ɗaya. SRT ana gyara shi cikin minti ɗaya, YouTube da Facebook suna karɓa, sai dai ba ya bin bidiyon da aka tura ta waya. A riƙa ajiye kwafi ɗaya marar rubutu ko da yaushe.

Dusashewar rubutu kuwa sau da yawa ba laifin manhaja ba ne. Bidiyon H.264, tsarin matse bidiyo da aka saba, yana adana bayanin launi kashi ɗaya cikin huɗu na bayanin haske, shi ya sa jan rubutu a kan shuɗi yake zubewa a gefe. Fari mai baƙin zagaye na fiksel (ɗigon allo) 3 zuwa 4 ya fi jure matsi. A allon 1920×1080 kada tsayin harafi ya gaza fiksel 45, layi biyu kacal, kowanne kada ya wuce haruffa 42, a bar shi aƙalla daƙiƙa ɗaya da rabi. A bar kashi 5 cikin ɗari a kowane gefe fanko. A bidiyon tsaye na TikTok kuwa a ɗaga rubutun sama sosai, domin sunan mai shafi yana rufe ƙasa, maɓallai kuma suna cin gefen dama.