Fluke 62 MAX a hannun makanikin tarago

Boris ɗin ƙafar tarago, wato ƙarfen da kan sandar ƙafafun ke juyawa a cikinsa, ba ya mutuwa farat ɗaya. Giris ne zai fara ƙarewa, ko robar bakinsa ta tsage ruwa da yashi su shiga, sai zafi ya yi ta hauhawa har kan sandar ƙafafun ya yi laushi ya karye, taragon ya sauka daga kan dogo. Da can bayan hannu ake karawa a ji. Yanzu bindigar auna zafi ke wannan aikin, kuma Fluke 62 MAX na cikin waɗanda suka cancanci kuɗinsu. Ba irin wadda aka riƙa saita wa mutane a goshi lokacin korona ba ce. Waccan zafin jikin mutum kawai ta sani.

Fluke 62 MAX tana auna daga digiri 30 ƙasa da sifiri zuwa 500 a ma'aunin Celsius. Batirin AA ɗaya take ci, wanda ko a teburin mai kanti za a samu. An yi ta ta jure faɗuwa daga tsayin mita 3, ƙura da feshin ruwa ba sa saurin shigarta. Ga mai rarrafe ƙarƙashin tarago a kan tsakuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda ake yawan kuskure shi ne tazara. Jan ɗigon hasken da take fitarwa tsakiya kawai yake nunawa, na'urar kuwa da'ira take aunawa, faɗinta kashi ɗaya cikin goma na nisanka. Idan ka tsaya mita ɗaya, da'irar ta kai santimita 10, ta haɗa da ƙarfen gefe mai sanyi, sai ta ba ka adadi mai kwantar da hankali alhali boris na ƙuna. Matso zuwa santimita 30, ka danna kunamar, ka bi saman gidan boris a hankali, ka karanta MAX, wato adadi mafi girma da ta auna. Kuma a auna da zarar jirgi ya tsaya, kafin ƙarfe ya huce.

Adadi guda ba ya cewa komai sai an kwatanta. Auna duk boris ɗin gefe ɗaya na taragon. Wanda ya yi wa 'yan uwansa nisa shi ne abin zargi, ko da bai kai iyakar da littafin aiki ya gindaya ba. A lura da rana: a watan Afrilu gefen da take duka ya fi na inuwa zafi, ba laifin boris ba ne. Idan kuma bakin ƙafar ya fi gidan boris zafi, duba takalmin birki, wataƙila ya maƙale bai saki ba.

Raunin na'urar shi ne ƙarfe mai sheƙi. A kan fuskar ƙafar da dogo ya goge, tana karanta ƙasa da gaskiya ƙwarai. A bar saitinta na emissivity, wato yadda fuskar abu ke fitar da zafi, a 0.95, a nemi wuri mai fenti, tsatsa ko baƙin maiƙo. Ƙurar hunturu ma idan ta rufe gilashin gaba takan rage adadin. A hure ta, a goge da auduga mai ɗan laima, kada a sa fetur. Na'urar kanta ba ta son zama a zafin da ya wuce digiri 50, don haka kada a ajiye ta kan ƙarfe a rana, kuma idan an fito da ita daga ofis mai sanyi a ba ta kamar rabin awa ta saba.

Yayarta, 62 MAX+, tana kaiwa digiri 650 kuma tana da ɗigo biyu masu nuna iyakar da'irar. Ga sabon yaro a wurin aiki ita ta fi, don zai ga abin da yake aunawa da idonsa. Ƙwararre kuwa ƙaramar ta ishe shi, muddin ta asali ce. Jabu sun yi yawa, a gwada ta a kan ruwan ƙanƙara kafin a biya, ya kamata ta nuna kusa da sifiri.