Garejin da ya tayar mani da Celica 'yar 1996 a Birnin Kebbi

Jama'a da yawa sun tambaye ni wa ya yi mani aikin jar motar nan da suke gani na da ita wajen Gesse da yamma, to bari in faɗi komai, mai daɗi da mara daɗi. Ba zan kama suna ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi, amma garejin na nan gefen hanyar Kalgo, ƙarƙashin wasu bishiyoyin dogonyaro, dattijo ne mai shi, Baba nake ce masa, yaransa biyar.

Motar Toyota Celica ce GT, ƙirar 1996, mai fitilu huɗu zagayayyu a gaba, ƙofa biyu, giyar hannu mai biyar. Tun ina yaro nake son wannan mota, irinta ce fa Carlos Sainz ya ci gasar tseren daji ta duniya da ita a 1990 da 1992, duk da dai tasa GT-Four ce mai turbo mai ja da taya huɗu, tawa kuwa tayoyin gaba kaɗai ke ja. Toyota sun fara ta a 1970 sunka daina a 2006, shi ya sa duk wadda ka gani yanzu ta sha miya. Na same ta a gidan wani bawan Allah ta yi shekara kusan uku a ajiye, ƙura ta rufe ta, tayoyi sun zauna, ɓeraye sun yi gida a ƙarƙashin bonet. Ni kuma a lokacin ban san komai a inji ba, iyakata in duba baƙin mai in zuba ruwa.

Gareji biyu na fara kai ta. Na farko ya ce in sai da ta a kilo kawai don ba zan samu kayanta ba ko a Kano. Na biyu ya ce a sauke injin a ɗora wani ba tare da ya ko tada ta ba. Da munka ja ta zuwa wurin Baba, ya sa yaro ya goge jikin injin ya haska da fitilar waya, sai ya yi murmushi ya ce, ɗana ai wannan 5S ne, injin Camry ne, me ya tsorata su? Kuma gaskiyarsa, 5S-FE ne mai lita 2.2, shi ne a cikin Camry orobo da Camry fensir da sunka cika gari. Wannan magana ɗaya ita ta ceci motar, domin filta da gaskit da famfon ruwa da bel duk a nan cikin gari munka same su. Sai dai ya ja kunnena, ya ce kayan wuta kada in sayo na fensir, ita daga 1997 an cire mata distiribiyuta an koma koyil, tawa kuwa mai distiribiyuta ce, sai dai na orobo.

Abin da ya sa nake yaba wurin nan ba gyaran kaɗai ba ne, a'a, ya bar ni na sa hannu. Na ce masa Baba ni fa so nake in koya, ba wai in aje mota in dawo in ɗauka ba, ya dube ni ya ce to gobe ka zo da tsohuwar riga. Duk Asabar ina can tun hantsi. Ranar farko tankin mai munka sauke, fetur ɗin ciki ya zama kamar ruwan shayi yana wani irin wari, munka wanke munka sa sabon famfo. Sai fulogi, da na zaro su biyu suna ninƙaya cikin baƙin mai, na tsorata na ce shi ke nan inji ya tafi, ya ce a'a robobin murfin sama ne sunka bushe, ya ba ni sufana ya ce kwance da kanka, in za ka ɗaure kuma kada ka nuna ƙarfi, murfin alminiyam ne. Hannuna na rawa na yi, amma na yi.

Taimin bel kam shi ya yi da kansa ina tsaye ina kallo, ya nuna mani alamomin da ake daidaitawa sama da ƙasa, ya ce wannan injin ko bel ya tsinke fistin ba ya dukan bawul, amma hakan ba dalili ba ne na jira ya tsinke maka a dajin tsakanin Jega da Koko. Tunda an riga an buɗe wurin sai ya canza famfon ruwa da sil-sil na gaba da robar famfon baƙin mai, wadda ya ce ita ce ciwon 5S, in ta bushe sai ka ga mai na ɗiga ta gefen bel kana ta zargin wani wuri daban.

Inda ya ƙara girma a idona shi ne maganar tamostat, wato ɗan ƙarfen nan da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi. Kowa ya san al'adar makanikanmu, mota na shigowa sai a cire shi a jefar a haɗa fanka kai tsaye ta dinga juyawa tun daga tada inji, wai ƙasarmu da zafi. Wanda ya riƙe motar kafin ni haka aka yi masa. Baba ya ce wannan ɓoye ciwo ne, injin da bai kai zafinsa ba mai yake sha kamar me kuma yana lalacewa a hankali, ciwon gaske yana cikin lagireto da ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa. Ya sa munka sayi sabon lagireto da tamostat, ya mai da fanka kan suwic ɗinta, anka zuba kulan. A watan Afrilu, zafin nan na Kabi da ke haura digiri 40, na je Argungu na dawo da tsakar rana allurar ba ta wuce tsakiya ba. Wallahi a hanyar nan da na sa giya ta huɗu na ji yadda take kama kwalta sai da idona ya kawo ruwa.

To yanzu ƙorafi. Baba ba ya cika alƙawarin lokaci ko kaɗan, aikin da ya ce sati biyu sai da ya ci wata guda da kwanaki, saboda duk wanda ya shigo da motar haya yana kuka sai ya bar tawa ya koma can, na fahimci uzurin amma da ya faɗa mani tun farko da ban ji zafi ba. Na biyu, harkar waya ba fanninsa ba ne kuma ba shi da na'urar duba kwamfutar mota, alhali tawa 'yar Amurka ce ta 1996 tana da soket ɗin OBD2, wato inda ake jona na'urar, wutar cek ta yi ta ci har sai da na kai wani wuri anka jona anka ga sensan salansa ne ɓeraye sunka cinye wa waya. Na uku kuma shi ya fi ci mani rai, mai fentin da ya haɗa ni da shi a maƙwabtansa, ya yi feshi a fili cikin iskar hunturu, ƙura ta manne a bonet, in ka shafa kamar takardar yashi. Baba ya ba ni haƙuri ya tsaya anka sake bonet ɗin kyauta, amma ƙofar dama har yau jan ta bai zo ɗaya da sauran jiki ba.

Kuɗin aikinsa babu zalunci, kuma duk abin da ya cire sai ya sa a leda ya miƙo maka, kaya kuma kai za ka sayo da yaronsa, ba ya cewa kawo kuɗi. Abin da ba Camry ba ne dai zai wahalar da kai, fitilar gaba ɗaya da ta fashe sai Ƙofar Ruwa a Kano anka samo mani, gilashin baya kuwa addu'a nake kada wani abu ya same shi.

In tsohuwar Toyota gare ka kuma matsalar inji ce ko ƙafa, kai masa hankali kwance, amma waya da fenti ka nemi wani wurin. Ni dai Asabar mai zuwa ina can, shok na baya da bushin za mu canza, motar ta yi ƙasa da yawa tana goga ciki a duk tudun rage gudu na cikin gari, kuma Baba ya ce wannan karon ni zan yi shi zai zauna a benci yana kallo.