Matar da ta ɗinka wa yarana 'yan Gaid yunifom

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman malamai mata masu riƙe da 'yan Gal Gaid, wato sikawut na 'yan mata, a makarantun ƙauye irina. Tunda aka ga yarana da sabbin kaya ake ta tambayata wa ya mana ɗinki, toh bari in faɗi yadda muka yi da ita, da daɗin da rashin daɗin.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim, aikin Gaid ɗin kuma na sa kai ne ba ko sisi, duk Laraba bayan an tashi nake zama da yara 18. Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya tun farko shi ne yunifom, don iyayenmu da sun ji an ce sikawut sai su tuna samari masu gajeren wando, wani uba ma ce min ya yi "Malama ni 'yata ba za ta fita da guntun kaya ba", kuma wallahi ban ga laifinsa ba.

Yadin shuɗi ne na sayo a Kantin Kwari, mai ɗinkin kuma a cikin garin Ringim take, a gidan aurenta, keke biyu da 'yan koyo. Abin da ta fara burge ni da shi, da kanta ta zo makaranta ta yi awo, ba sai na kwashi yara 18 a mota ba, kuma da iyaye suka ji mace ce ta auna hankalinsu ya kwanta. Kafin ta sa almakashi sai da ta ce "Malama wai me yaran nan suke yi ne a cikin kayan?" na ce mata ɗaurin igiya, ɗaure rauni da bandeji, shuka bishiya, sharar makaranta, fareti, duk aikin durƙuso ne da miƙa hannu. Sai ta yi musu riga har ƙasan gwiwa da tsaga a gefe, wando mai faɗi, aljihu biyu manya masu murfi da za su ci igiya da ɗan littafi, hijabin kuma iya ƙugu yadda hannu zai sake, ƙyallen wuyan ya hau samansa ras. Ta kuma bar rarar yadi a kalmasa, in yarinya ta ƙara tsawo a warware, in ta gama makaranta ƙanwarta ta gada, wanda ya san halin ƙauye ya san wannan ba ƙaramin abu bane.

Bajon 'yan Gaid ɗin nan mai ganye uku da hannu ta ɗinka shi ɗaya bayan ɗaya, har take tambayata ma'anarsa na ce mata ɓangarori uku ne na alkawarin da kowace 'yar Gaid take ɗauka, ta yi mamaki da na ce ƙungiyar tun 1910 aka kafa ta a Ingila kuma ta iso Najeriya a 1919. Kuɗi ma bata matsa ba, da kaɗan kaɗan iyaye suka biya ranar kasuwa, na marayu biyu ni na cika ta rage min wani abu.

Inda raina ya ɓaci shi ne alkawari. Na faɗa mata 22 ga Fabrairu muke da taro, ranar da 'yan Gaid na duniya ke tuna juna, ranar haihuwar Baden-Powell ce, wanda ya kafa sikawut, da matarsa Olave, amma ɗinkin biki ya sha kanta, kaya huɗu sai ana gobe taro bayan isha'i aka kawo min a babur, yaran nan huɗu sun wuni suna zarya gidana ɗaya har da kuka. Maɓallan ma zare ɗaya aka musu, wanki biyu suka fara zuba. Na mayar mata, ta ce "ki yi haƙuri Malama, 'yan koyo na ba", ta sake ɗinke su duka bata karɓi komai ba.

Duk da haka zan koma, ƙananan 'yan Gaid ɗin da ake kira 'yan Birauni ma ita zan ba nasu, sai dai wannan karon wata biyu kafin taro zan kai yadin, kuma in ce maɓalli ita da kanta za ta saka. Uban nan da ya ƙi da farko ya zo taron, yana bakin bishiyar darbejiya a tsaye har 'yarsa ta gama nuna yadda ake ɗaure karaya da ƙyallen wuyanta.