Direban shatar da ya kai ni Gombe Abba

Jama'a in za ku je neman dangi a ƙauye ku nemi direba ɗan ƙasa, kar ku bi kyan mota. Ni haifaffiyar Legas ce, Baba Allah ya jiƙansa kullum sai ya ce mu 'yan Gombe Abba ne amma bai taɓa kai mu ba, sai bayan rasuwarsa na ce wallahi sai na je na gani da idona.

A Tashar Dukku da ke cikin garin Gombe aka haɗa ni da direban, na ɗauke shi shatar yini guda. Motar dai tsohuwar Golf ce, gilashin baya sai an ja shi da hannu, kuma mun yi da shi ƙarfe 7 bai zo ba sai 8 da rabi, gaskiya raina ya ɓaci. Amma kafin mu kai Dukku na huce. Shi ya sa na sayi goro da sukari, ya ce Hajiya ba a shiga wurin dattawa hannu rabbana. A hanya yake ba ni labari cewa a Gombe Abba Modibbo Buba Yero ya kafa masarautar Gombe zamanin jihadin Shehu, a 1913 Turawa suka mayar da hedikwata Nafaɗa, 1919 aka kawo ta Gomben yanzu.

Da muka isa bai bar ni ina ta tambaya a titi ba, wurin mai unguwa ya kai ni, ya yi gaisuwa da Fulatanci, ni ko "jam" kaɗai na iya. Aka yi ta juya sunan kakana ba wanda ya gane, sai direban ya ce in faɗi laƙabinsa. Ina faɗa wani tsoho ya ɗago kai ya tura yaro da gudu, sai ga wata dattijuwa, ashe goggona ce, ubansu ɗaya da Baba. Ta riƙe fuskata tana kuka tana cewa goshin yayanta ne sak. Bawan Allahn nan ya koma mota ya zauna awa uku cur, ko hon bai danna min ba.

Ya kai ni na ziyarci hubbaren Buba Yero, muka ɗan tsaya bakin kogin Gongola. Kuɗin shatar kam ya ɗan yi yawa, amma ko sisi bai ƙara ba duk da mun kai magariba. Da babbar sallah in sha Allah zan kai wa Goggo jikokinta, kuma shi zan kira.